Yadda Waya Ke Sauƙaƙa Wa Baƙo Yawo a Legas

Baƙon da datarsa ta ƙare a tsakiyar Oshodi zai sha wahalar gane hanya. Maganin haka shi ne ya sauke taswirar Legas a Google Maps tun daga gida. Taswirar tana aiki ko babu intanet, domin GPS ba ya cin data, sai dai ba ta nuna cunkoson motoci.

Mai son guje wa cunkoson yana iya hawa jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara jigila a 2023 tsakanin Marina da Mile 2, yana kuma tsayawa a National Theatre. Da katin Cowry ake biya, kamar motocin BRT.

A cikin gosulo ɓarayi kan fizge waya ta taga, don haka gara ta zauna a aljihu. Lambar gaggawa ita ce 112.