Tsakanin Littafi da Zauren Shari'a

Shirinmu na yau zai duba wahalhalun da ma'abota sana'o'in ilimi ke gamuwa da su bayan sun bar makaranta sun shiga fagen aiki, musamman lauyoyi da alƙalai, sa'an nan mu leƙa wajen likitoci da injiniyoyi gwargwadon abin da lokaci ya ba mu.

Duk wanda zai zama lauya a Nijeriya sai ya yi shekara biyar a jami'a, sa'an nan ya ƙara kusan shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko bisa dokar 1962, aka mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja a 1997, take kuma da rassa a wurare da dama, ciki har da Bagauda ta jihar Kano da kuma Yola. Yakan fito ya haddace ƙa'idojin shaida, ya san hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, ya iya tsara takardar ƙara. Amma ranar da ya fara tsayawa gaban majistare da wani bawan Allah da ya damƙa masa wuyansa, sai ya tarar abubuwan da za su yanke makomar mutumin nan a wannan safiya ba su cikin littafin da ya karanta: ko motar gidan yari ta sami man da za ta kawo wanda ake tuhuma, ko akawun kotu ya gano inda fayil ya shige, ko ɗan sandan da ya yi bincike yana nan ko an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma akwai tafintan da zai fassara. Mutane sukan ɗauki waɗannan a matsayin ƙananan al'amura, alhali kuwa a cikinsu ne haƙƙin talaka ke tsira ko ya salwanta.

Bari mu fara da mas'alar harshe, domin ita ce mafi girma a ganinmu, ita ce kuma aka fi yi wa shiru. A zamanin da, alƙali yakan zauna a zaurensa ya saurari mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa da harshen da su duka ukun ke ji, ya koma ga Muhtasar na Shehu Halilu ko Tuhfatul Hukkami na Ibnu Asim ya ciro hukunci. Don horar da irin waɗannan alƙalai aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda daga baya, a 1947, ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, daga shawararsu kuma aka sami kundin dokokin laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960, wanda aka gina a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya. Tun daga nan lauyan Arewa ya zama mai aiki a tsakanin harsuna uku: doka da Turanci, fiƙihu da Larabci, jama'a kuwa da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Nufanci, ko wani daga cikin harsunan ƙasar nan masu yawa.

Tsarin mulkin 1999 bai yi sakaci da wannan ba. Sashe na 36 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba. To amma wane ne tafintan? Sau da yawa akawu ne ko wani ma'aikacin kotu da aka san yana jin harsunan biyu, wanda ba a taɓa zaunar da shi an koya masa fannin tarjama ba. Wani lokaci ma, idan harshen ba sananne ba ne a garin, sai a nemo wani daga waje a rantsar da shi nan take. Ku ɗauka an karanta wa manomi tuhumar satar saniya, aka tambaye shi ko ya aikata, shi kuwa ya shiga bayani cewa lalle shi ya kore ta daga garken, amma tasa ce da ya ba da kiwo shekarun baya aka hana shi. Idan tafinta ya gaji, ko ya ga alƙali na sauri, ya taƙaita wannan jawabi duka da cewa ya amsa ya ɗauka, to an rubuta iƙirari a inda mutum ya kawo kariya, kuma abin da aka rubuta shi ne zai hau zuwa kotun ɗaukaka ƙara, inda alƙalai uku da ba su ga fuskarsa ba, ba su ji muryarsa ba, za su yi hukunci da abin da ke cikin takarda kawai. Hausar da ya yi ta tafi da iska tun a ranar. Haka abin yake ta ɗaya fuskar, domin shari'ar gado ko ta aure da aka yi da Hausa a kotun shari'ar Musulunci, idan ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai an juya kundinta zuwa Turanci, kuma amincin hukuncin ƙarshe yana rataye da amincin wanda ya yi juyin.

Magabata ba su ɗauki wannan aiki da wasa ba. Imamu Buhari ya keɓe babi a cikin Sahihinsa a kan yi wa mahukunta tarjama da kuma ko tafinta ɗaya ya wadatar, ya kawo a ciki labarin Zaidu ɗan Sabitu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Malaman Malikiyya kuwa, ko da yake sun yarda mutum ɗaya ya isa, sun shardanta ya kasance adali amintacce, sun kuma ce biyu sun fi. Abin takaici ne a ce matsayin da fuƙaha'u suka kewaye da sharuɗɗa irin waɗannan ya zama a yau aikin da ake ɗora wa duk wanda ya fi kusa da ƙofa. Kotunan zamani ma sun daɗe da tabbatar da cewa jawabin da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda ta bakin tafinta ba ya zama hujja sai tafintan ya zo ya ba da shaida, kuma shari'o'i da dama sun rushe a kan wannan gaɓa kaɗai, wani lokaci mai laifi na gaske ya kuɓuta don ba a san inda tafintan ya koma ba.

Bayan harshe sai alƙalami. Har yanzu a kotuna da yawa alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da shaida ya faɗa, saboda haka sai ka ji ana ce wa mai ba da shaida ya dakata, ya bi alƙalamin mai shari'a a hankali, kuma tambayar ƙwaƙƙwafi da lauya ya shirya don ya kama maƙaryaci ba shiri sai ta huce kafin a gama rubuta wadda ta gabace ta. Shaidar da za a ɗauka cikin sa'a guda sai ta ci zama uku, tsakanin kowane zama da na gaba kuma akwai makonni. Idan ana cikin haka aka yi wa alƙali ƙarin girma, ko canjin wuri, ko ya yi ritaya, ko Allah Ya yi masa rasuwa, sai a koma farko, domin ƙa'ida ita ce wanda ya ji shaidu shi ne zai yi hukunci. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa da ta ba alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara izinin komawa ya ƙarasa shari'ar da ya fara, amma a watan Mayu na 2020 Kotun Ƙoli ta ce wannan sashe ya saɓa wa tsarin mulki, ta rushe hukuncin da aka yanke a Disamba 2019 a shari'ar tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wadda aka fara tun 2007, ta ce a sake daga tushe. Ba muna magana a kan wanda ke da gaskiya a cikinta ba ne. Abin lura shi ne aikin shekara goma sha biyu ya koma kamar ba a yi ba, kuma idan haka ta faru ga shari'ar da duk ƙasa ta zuba wa ido, ina ga ta wanda ba a san sunansa ba?

Ita wannan doka ta 2015, wadda jihohi suka yi tasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta ce a riƙa sauraron shari'ar laifi kullum-kullum, idan hakan ya gagara kada kowane ɓangare ya wuce ɗagawa biyar. Magana ce mai kyau a takarda. A aikace kuwa akwai daɗaɗɗiyar al'adar nan ta kai mutumin da ake zargi da kisa ko fashi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin, a tura shi gidan yari a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, shawarar da kan yi watanni, wani lokaci shekaru, ba ta fito ba. Shi ya sa kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali na ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. A 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka rufe ƙofofi fiye da wata biyu suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa, buƙatar da ke kan gaskiya, amma wanda ya biya farashinta shi ne mai jiran beli.

Ba za mu wanke lauyoyi daga wannan ba, domin wasunsu sun mai da neman ɗagawa makami, suna jan shari'a har shaidu su gaji ko su mutu, kuma wannan zalunci ne ko da doka ba ta kama mai yinsa ba. Sai dai adalci ne a faɗi halin da ƙaramin lauya ke ciki: albashin da ofisoshi da yawa ke ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, alhali kuɗin diyya ko na cinikin fili na wanda yake wakilta yana ratsawa ta hannunsa, ƙa'idar sana'a kuma ta ce amana ne, a ajiye shi daban, kada ya gauraya da nasa ko da na kwana ɗaya. Ga dangi da ke ganin aikinsa na zumunci ne ba na biya ba, ga dattijon unguwa da zai tare shi bayan sallar Magariba yana so ya ji abin da wance ta gaya masa game da aurenta, shi kuwa sirri ya ɗaure masa harshe, kunya kuma ta hana shi ce wa babba a'a kai tsaye. Mafi nauyi duka ita ce tambayar da mai ƙara kan fara yi masa tun kafin ya buɗe fayil: shin ka san alƙalin? Lauyan da ya amsa cewa shi hujja ya sani, sau da yawa yakan ga mutumin ya tattara takardunsa ya nufi wani ofishin.

Likita ma ɗan'uwan lauya ne a cikin wannan jarrabawa. Da Turanci ya karanta ilminsa, da Hausa zai ɗauki bayanin ciwo, da Turanci zai rubuta a kati, kuma sau da yawa matar da ke gabansa kunya ba za ta bar ta ta faɗi inda ke damunta ba, sai miji ko suruka su yi magana a madadinta, su faɗi abin da suka ga ya dace a ji. Yana iya gane cutar sarai ya rubuta gwajin da littafi ya ce, majinyaci ya ninke takardar ya sa aljihu don ba shi da kuɗinta. Ga kuma ƙarancin hannu, domin Farfesa Muhammad Ali Pate, yana Ministan Lafiya, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, nauyinsu kuwa ya koma kan waɗanda suka rage.

Injiniya kuwa jarrabawarsa tana zuwa ne ranar da mai gini ya ce a rage rodi ko a ƙara bene. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani gini mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta a Ikoyi ta Ikko, ya kashe fiye da mutum 40, daga baya kuma ta bayyana cewa injiniyoyin da suka fara kula da ƙarfin ginin sun rubuta takardar janyewa tun watan Fabrairu na 2020, suna cewa ba za su iya lamunce ingancinsa ba. Sun sauke nauyin da ke wuyansu, sun yi hasarar kwangila, amma aiki ya ci gaba ba su, domin babu wata hanya tabbatacciya da janyewar gwani za ta tilasta wa hukuma ta tsai da gini.

Daga cikin duk waɗannan, mas'alar tafinta ce ta fi sauƙin magani, shi ya sa barinta ya fi zama abin zargi. Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sassan harsunan Nijeriya da kuma tsangayoyin shari'a, ba abin da zai hana su haɗu su horar da tafintocin kotu, a ba su shahada, a yi musu matakin albashi nasu na kansu, a kuma riƙa naɗar muryar shaida da ta tafinta tare, yadda idan gardama ta taso a kotun sama za a iya komawa a ji ainihin abin da mutumin ya faɗa da harshensa. Na'urar da za ta yi wannan naɗi tana cikin aljihun kusan kowane akawun kotu a yau. Abin da ya rage shi ne manyan alƙalan jihohi su sa shi cikin ƙa'idojin kotunansu.