Gasar 'Champs': Yadda makarantun sakandaren Jamaika ke renon gwarzaye a fili da cikin aji

A kowace shekara, gab da bikin Ista, hankalin Jamaika kan koma Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Kingston. Kwana biyar ake yi ana fafatawa, 'yan kallo dubbai suna cika filin maƙil, gidajen talabijin suna nunawa kai-tsaye, 'yan kasuwa da ma'aikata suna sanye da launin makarantun da suka gama shekaru aru-aru da suka wuce. Waɗanda ake yi wa wannan tururuwa kuwa ba ƙwararrun 'yan wasa ba ne. Ɗaliban sakandare ne, maza da mata, waɗanda da an kammala gasar za su koma aji su ci gaba da shirin jarabawa.

Wannan ita ce gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantun sakandaren ƙasar, wadda kowa ya fi sani da suna 'Champs'. Tsibirin da al'ummarsa ba ta kai miliyan 3 ba ya daɗe yana kafaɗa-da-kafaɗa da Amurka a gudun gajeren zango, kuma duk mai neman sirrin abin, a wannan gasa yake tarar da shi. Sai dai lambobin zinare ɓangare ɗaya ne kawai na labarin. Babban darasin shi ne abin da wasa ke yi wa yaro idan makaranta ce ke riƙe da ragamarsa.

Tushen da ya haura shekara 100

A 1910 aka fara gasar a filin Sabina Park, da makarantun maza shida kacal, makarantar Wolmer's ta zo ta ɗaya. Daga baya 'yan mata suka samu tasu gasar, sannan a 1999 aka haɗe biyun wuri guda. Ƙungiyar da ke shirya ta, ISSA, ta shugabannin makarantu ce, ba ta 'yan siyasa ko dillalan 'yan wasa ba. Wannan shi ne ginshiƙin komai, domin mutumin da ke sa hannu a takardar shigar yaro gasa shi ne dai mai duba sakamakon jarabawarsa.

Tsarin gasar ma yana da tasa hikimar. Ana raba yara rukuni-rukuni gwargwadon shekarunsu, kuma ba mutum ɗaya ke cin kofi ba, makaranta ce ke ci. Duk wanda ya shiga sahun takwas na farko a zagayen ƙarshe zai kawo wa makarantarsa maki, ko a gudun mita 100 ne, ko a dogon tsalle, ko a jifan faifai. Saboda haka yarinyar da ta zo ta bakwai a jifa tana iya zama wadda makinta ya raba gardama a daren ƙarshe. Yaro kan koyi tun da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gasa ce mai cike da tarihi da tinƙaho. Makarantar Kingston College ta riƙe kofin maza shekara 14 a jere, daga 1962 zuwa 1975. Babbar abokiyar hamayyarta, Calabar High School, wadda mabiya ɗariƙar Baptist suka kafa a 1912, asalin sunanta daga birnin Kalaba na Najeriya yake, tashar da aka riƙa lodin bayi zuwa yankin Karibiyan. A can Herb McKenley ya yi karatu, ya je ya ciyo zinare a gudun ba-ni-in-ba-ka a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, sannan ya dawo ya shafe shekaru yana horar da yaran makarantar.

Abin da fili ke koyarwa

Misali mafi daɗewa na amfanin wannan tsari ba ɗan wasa ba ne ma a ƙarshe. A 1911 wani ɗalibin Jamaica College mai suna Norman Manley ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10, bajintar da aka yi shekara 40 da ɗoriya ba a karya ba a tsakanin ɗalibai. Manley bai zama ɗan tsere ba. Ya samu tallafin karatu na Rhodes zuwa Jami'ar Oxford, ya zama babban lauya, ya kafa jam'iyyar PNP a 1938, ya kuma jagoranci gwamnatin Jamaika daga 1955 zuwa 1962. Har yau ana kafa misali da shi wajen nuna wa iyaye cewa takalmin gudu da littafi ba kishiyoyi ba ne.

Usain Bolt kuwa wasan kurket ya fi so lokacin da ya shiga makarantar William Knibb Memorial a gundumar Trelawny. Malamin kurket ɗin ne ya lura da zafin gudunsa, ya ba shi shawarar ya gwada tsere. Ya faɗa hannun Pablo McNeil, tsohon ɗan tseren Olamfik, wanda ya sha fama da shiriritar yaron da ƙyuyar atisaye. A 2001 Bolt ya ci lambarsa ta farko a 'Champs', azurfa a mita 200. Bayan shekara ɗaya, yana ɗan shekara 15, ya lashe zinare a gasar matasa ta duniya da aka yi a Kingston. Daƙiƙa 9.58 da ya yi a Berlin a 2009 duniya ta gani, amma malaman ƙauye ne suka tanƙwara iccen tun yana ɗanye.

Labarin Shelly-Ann Fraser-Pryce ya fi fito da abin da wasan makaranta ke yi wa ɗan talaka. A unguwar Waterhouse ta tashi, ɗaya daga cikin unguwannin Kingston masu fama da talauci da rikicin 'yan daba, mahaifiyarta tana ƙananan saye da sayarwa a bakin titi. Ta yi gudu wa makarantar 'yan mata ta Wolmer's, daga nan ta shiga Jami'ar Fasaha ta Jamaika. Ta ci zinaren mita 100 a Beijing a 2008, ta maimaita a Landan a 2012, kuma a wannan shekarar ta kammala digirinta a fannin renon yara da matasa. Daga baya ta kafa gidauniyar Pocket Rocket, wadda ke biya wa ɗalibai 'yan wasa kuɗin makaranta da littattafai.

Ga ɗaruruwan yaran da sunansu ba zai taɓa fita a jarida ba, ribar ta fi wannan sauƙi, amma tana nan. Masu farautar 'yan wasa daga jami'o'in Amurka kan zo kallon 'Champs', kuma tun 1964 makarantun Jamaika ke zuwa gasar Penn Relays a Philadelphia. Ta wannan ƙofa yara da dama suka samu karatun jami'a kyauta, suka fito malamai, akantoci da ma'aikatan jinya. Dokokin ISSA kuma sun ɗaure fili da aji: ɗalibin da bai cika ƙa'idar halartar makaranta ba, ko makinsa ya gaza mizanin da aka gindaya, ba zai sa rigar makarantarsa ba. Yaron da darasi bai dame shi ba sai ya samu dalilin sammako.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a kullum, amma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wa haka, kuma 'yan mata sun fi zama a baya. Makaranta ce kaɗai wurin da ake samun yara gaba ɗaya a kullum, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Ba a rasa ƙura ba

Duk da haka, 'yan Jamaika da kansu ba su daina muhawara a kan gasar ba. Ƙorafi na farko shi ne na gajiyar da yara. Kwaɗayin maki kan sa a jefa yaro mai hazaƙa cikin wasanni da yawa a kwana biyar, kuma an sha ganin taurarin 'Champs' da rauni ya dusashe su kafin su kai shekara 20. Na biyu shi ne zawarcin 'yan wasa, inda manyan makarantu masu tsofaffin ɗalibai attajirai ke janye yaran ƙananan makarantu, wani lokaci a ba ɗan tsere gurbin da mai maki mafi yawa ya rasa. ISSA ta sha gyara dokokin sauya makaranta saboda haka. Na uku shi ne yaron da aka ɗaukaka a fili aka manta da shi a aji, ya gama sakandare babu lambar yabo, babu takardar kirki. Duk inda wannan ya faru, fili ne ya hau kan makaranta.

Abin da ke rage ɓarnar shi ne ƙwararrun malamai. A 1980 aka buɗe Kwalejin G.C. Foster ta horar da malaman wasanni, kyauta daga gwamnatin Kuba, kuma ɗalibanta sun bazu har makarantun karkara. Shi ya sa makarantu irin su Edwin Allen da Holmwood Technical, waɗanda ke nesa da Kingston, suka daɗe suna mamaye gasar 'yan mata.

Madubi ga Najeriya

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Jamaika ta koma gida da lambobi shida, dukkansu a guje-guje da tsalle-tsalle da jifa. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta dawo hannu rabbana. Ba baiwa aka rasa ba. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge na mita 100 a 2022, a makarantar sakandare a Ijebu-Ode ta fara, amma sai da ta samu tallafin karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso ta gogu, a hannun Lacena Golding-Clarke, 'yar Jamaika.

A makarantun Najeriya da dama, wasa ya taƙaita ga bikin gasar gida-gida na yini ɗaya a shekara, wasu masu zaman kansu ma a gidan haya suke, babu ko filin da yara za su miƙe ƙafa. Abin da Jamaika ta riƙe tun 1910 bai fi ƙarfin kowace jiha ba: fili, malamin da ya san aikinsa, jadawalin gasa da ba ya tsallake shekara sai da babban dalili, da shugaban makarantar da zai iya ce wa gwanin gudu ya koma aji har sai makinsa ya gyaru.