Injin Aski: Yadda Yake Yanke Gashi, da Wanda Ya Dace da Fuskarka

Aska da reza aikinsu ɗaya ne: kaifi ya bi saman fata ya share gashi, ya kuma kankare ɗan saman fatar tare da shi. Injin aski na lantarki daban yake aiki. Yanka yake yi irin na almakashi, wato ƙarfe biyu su kama gashi a tsakaninsu su datse shi. Ɗaya daga cikin ƙarafan, wanda ke taɓa fuska, ba ya motsi, kuma cike yake da ƙananan ƙofofi. Ɗayan yana ƙarƙashinsa, ƙaramar motar lantarki da ke cikin injin na kaɗa shi da gudu. Gashin da ya leƙa ta ƙofa shi ake yankewa, wanda bai leƙa ba ya tsira. Duk abin da ake muhawara a kai game da waɗannan injina, daga tsada zuwa santsin aski zuwa ƙuraje, daga nan ya samo tushe.

Tunda akwai ƙarfe tsakanin kaifi da fata, inji ba zai taɓa kai reza share gashi ba. Kaurin wannan ƙarfen shi ne tsawon gashin da zai rage. Shi ya sa kamfanoni suka shafe shekaru suna neman yadda za su sirantar da shi ba tare da ya yage ba. Jacob Schick, tsohon sojan Amurka, shi ya fara sayar da injin askin lantarki a 1931. A 1939 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da Philishave, wanda injiniyansa Alexandre Horowitz ya ƙera, mai wuƙa da ke juyawa a cikin zagayayyen kai. A 1950 kuma Braun na Jamus ya fito da nasa mai siririyar raga da wuƙa mai kai da komo. Har yau, kusan duk injin da za ka gani a kasuwa ɗan ɗayan gidajen nan biyu ne.

Mai raga, irin na Braun da Panasonic, kansa miƙaƙƙe ne. Wuƙaƙen da ke ƙasan ragar suna tafiya hagu da dama sau dubbai a minti guda. Manyan injinan Panasonic sukan kai wajen 14,000. Ragar siririya ce ƙwarai, don haka askinsa ya fi kusantar fata, kuma a miƙe ake jansa, sama da ƙasa. Lagonsa shi ne ƙanƙantar ƙofofinsa. Gajeren gashi na kwana ɗaya da ke tsaye cak yana shiga cikin sauƙi. Amma gashin da ya kwana uku, ya lanƙwashe ya kwanta a jikin fata, sai ragar ta bi ta kansa ta wuce. Mutum ya yi ta maimaita wuri ɗaya yana dannawa, ƙarfe ya ɗau zafi, fata ta fara raɗaɗi. Don magance wannan ne ake sa wani ɗan tsefe mai yanka a tsakanin raga biyu, ya ɗaga kwantaccen gashi ya rage masa tsawo kafin raga ta iso. In za ka sayi mai raga, wannan ɗan tsefen ya fi yawan ragogin muhimmanci.

Mai juyawa, wanda aka fi sanin Philips da shi, yawanci kawuna uku gare shi, kowanne yana lanƙwasa ya bi haɓa da muƙamuƙi. Tsagogin da ke jikin kawunan dogaye ne, suna fuskantar kowane ɓangare, saboda haka ya fi kama gashin da ya ɗan yi tsawo ko wanda ya tsiro barkatai, kamar na wuya. A zagaye ake murza shi, a hankali, kuma ƙararsa ba ta kai ta mai raga ba. Masu aske kai tas da yawa sun fi son irinsa, domin kai ba shi da shimfiɗaɗɗen wuri.

Tallan duk injinan nan kuwa abu ɗaya yake alkawari, wato aski mai santsi har ƙasa. A nan ne nake ganin ya kamata mai saye a ƙasashenmu ya tsaya ya yi tunani, domin mafi yawanmu gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗaɗɗen gashi ba ya son a kai shi ƙasa. Ramin da yake tsirowa daga ciki ma a lanƙwashe yake. Idan aka yanke shi daidai da fata, bakinsa ya zama mai tsini, yana ƙara tsawo yana lanƙwasowa har ya soki fatar da ke gefensa ya koma ciki. Idan kuma aka yanke shi ƙasa da saman fata, ba ya ma samun hanyar fita, sai ya huda bangon raminsa ta gefe. Jiki yana ɗaukar wannan gashi tamkar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da ruwa. Waɗannan su ne ƙurajen aski da ke cika wuyan samari, musamman sojoji da 'yan sanda da aiki ya wajabta musu aski kullum. In sun warke sukan bar baƙin tabo, a jikin wasu kuma tabon yakan tashi ya yi tauri. Mutane da dama suna ɗora laifin a kan datti ko rashin tsaftar wanzami, alhali gashin mutum ne da kansa ke sukansa.

Reza mai baki uku ko biyar ta fi komai jawo wannan, domin bakin farko yana jan gashi waje, na biyu ya yanke, sannan gashin ya koma ciki. Philips ma tun 1980 ya sa wa injinansa wata dabara mai kama da haka, mai ɗaga gashi kafin ta yanke. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan alheri ne. Ga mai fama da ƙuraje kuwa, abin da ake tallatawa a matsayin fifikon injin shi ne zai iya cutar da shi. Shawarar likitocin fata ita ce a bar gashin da ɗan tsawo, rabin milimita zuwa milimita ɗaya, yadda bakinsa zai riga ya fita daga fata. Wannan kuwa aikin kilifa ne, irin wadda Leo Wahl ya fara ƙerawa a Amurka a 1919, wadda kowane shagon aski ke da ita yanzu. Ba za ta ba ka santsin da hannu zai zame ba, amma wanda ke tsaye a gabanka da ƙyar zai ga bambanci, wuyanka kuma zai huta. Wanda ya tara gemu, yana gyara gashin baki da gefen kumatu da ƙasan wuya ne kawai, shi ma ƙaramar kilifa mai kaifi ta ishe shi.

Saboda haka kafin a tambayi farashi, a fara duban fuska. Wanda ba ya ƙuraje kuma yana aski kowace safiya, mai raga ne nasa. Wanda ke yi sau biyu a mako, mai juyawa zai fi yi masa sauƙi, ko kuma ya fara rage gashin da kilifa.

Sai maganar wuta. Lantarkin Najeriya da Nijar yana tsakanin bolt 220 zuwa 230, na Amurka kuwa 120 ne. Injin da aka kawo tsaraba daga can, in ba a rubuta 100–240V a jikin cajarsa ba, zai iya ƙonewa da zarar an jona shi. Kilifa mai igiya da ke aiki da maganaɗisu tana da wata matsalar kuma: saurinta yana bin bugun wuta, wanda a Amurka sau 60 ne a daƙiƙa, a nan kuwa 50. Ko an rage mata ƙarfin wuta da taransifoma, sai ta riƙa ƙara tana yanka ba daɗi. Mai batir ya fi kwanciyar hankali. Masu kyau cajin awa ɗaya yana ba su minti 45 zuwa 60, wato askin mako guda ko fiye. A lura dai, batir in ya yi sanyi mota tana rage gudu, wuƙa ta koma fizgar gashi maimakon yanka shi.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne kan injin yana cinyewa. Braun na ba da shawarar a sauya raga da wuƙa duk wata 18. Injin da ba a samun kansa a kasuwar garinku, komai kyansa, na shekara ɗaya da rabi ka saya. Ka tambayi mai shago ya nuna maka kan da kuɗinsa kafin ka biya, ka kuma dubi ragar da kyau, domin ta jabu takan yi kaushi a bakin ƙofofinta.

Sabon inji yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin hannu da fata su saba da shi, don haka kada a yanke masa hukunci ranar farko. Busasshen aski yana son busasshiyar fata. Lokacin zafi gumi yana sa kan injin ya riƙa mannewa, sai a goge fuska ko a shafa ɗan hoda tukuna. Kada a ja fata da yatsa don neman santsi, kada kuma a danna. Bayan an gama a kakkaɓe gashin, a ɗiga mai kaɗan lokaci zuwa lokaci don rage zafin ƙarfe. Injin kuma na mutum ɗaya ne: ƙurjin da ya fashe yana barin jini a jikin wuƙa ko ido bai gani ba, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har mako guda ko fiye.