Motsa jiki: a ɗaure shi ga abin da aka saba yi kullum

Da an gama girbi an cika rumbu, zama yakan yi yawa a nan Takanamat da sauran garuruwan Adar. Mutumin da ya yi wata huɗu yana fama da gona, sai ka gan shi a fada tun hantsi har la'asar, shayi na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukari. In zai je kasuwa, moto. Masu kanti da ma'aikatan ofis a birnin Tahoua kuwa, nasu zaman na shekara ne cur. Irin wannan zama yana cikin abubuwan da ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba su motsa jiki yadda ya kamata. Shawarar da ta bayar a 2020 ita ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Ba dole ba ne a yi su tashi ɗaya: goma nan, goma can, duk suna cikin lissafi.

To, sanin haka ba shi ne wuya ba, ɗorewa ce. Mutum zai ce daga gobe zai soma, ya yi kwana uku, na huɗu ya manta. Wani malami a jami'ar Stanford ta Amurka, BJ Fogg, ya ba da dabara mai sauƙi: ka nemi abin da ba ka fashin yi, ka ɗaura sabon a bayansa. Tsohon shi zai riƙa tuna maka, ba sai ka jira ranar da jiki ya so ba.

Mu kam ba mu rasa abin ɗaurawa ba, don salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. In an sallame asuba, maimakon a miƙe gida, a zaga ta hanya mai nisa, minti 10, lokacin da sanyi bai tafi ba. In an ɗora butar shayi kan gawayi, kafin ta tafasa a tashi a zauna sau goma ba tare da dafa ƙasa ba. In an ci tuwon dare, a taka zuwa gaida wani dattijo a unguwa, tunda tafiya bayan cin abinci tana taimaka wa jiki rage suga a cikin jini. Mai zuwa kasuwa da moto ya ajiye shi daga nesa, ya ƙarasa a ƙasa.

Sharaɗin shi ne a soma da abu guda, ƙarami, a lokaci guda kullum. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, aka fitar a 2009, ya gano cewa sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye da haka nesa. Kuma fashin rana ɗaya bai rushe aikin ba. Wanda ya tsallake yau, gobe ya ci gaba.

Matan da ke daka, suna jan ruwa a rijiya suna ɗauko icce, ai su sun riga sun yi nasu, haka ma masu haƙar tassa a gona da rani. Su abin da za su ɗaura shi ne miƙe baya da wuya na ɗan lokaci bayan sauke kaya.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka a tsaya ga asuba ko bayan magariba, a sha ruwa sosai. Mai hawan jini, mai suga, da mace mai ciki, su fara biyawa ta CSI a auna su. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na yankewa, ya tsaya nan take ya nemi likita.

Allah shi ba mu lahiya da zama lahiya.