Haruffa Masu Giɓi: Daga Jikin Akwati Zuwa Tambarin Kamfani



Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar kaya ya dubi lamba ko sunan gari da aka buga a jikin buhu ko akwatin katako, lalle ya ga haruffan nan masu kauri waɗanda kowannensu yake a tsinke, kamar an ratsa shi da zare. Larura ce ta haifi wannan giɓi, domin idan aka huda siffar O a farantin tagulla don a ɗora a shafa fenti, muddin ba a bar 'yar gada ta riƙe cikin harafin ba, tsakiyarsa faɗowa za ta yi, a tashi da baƙin dunƙule kurum. Farantin nan shi Turawa ke kira sitensil.

Sana'ar ta daɗe a Faransa, inda tun ƙarni na 17 ake rubuta manyan littattafan waƙen coci da irin waɗannan faranti, har Benjamin Franklin ma ya sayi nasa a Faris a 1781, wajen wani maƙeri mai suna Bery. Hikimar Faransawa kuwa ita ce, da yake gaɓoɓin haruffansu wasu kaurara ne wasu sirara, sai su ajiye gadar daidai inda alƙalami yake sirancewa, ido ya cike giɓin da kansa. Irin waɗannan haruffa ne mai zane Georges Braque ya shigar cikin zanensa a 1911, irinsu kuma Le Corbusier ya riƙa bugawa a taswirar gine-ginensa.

A 1937 kamfanoni biyu na Amurka, Ludlow da American Type Founders, suka fitar da haruffan ɗab'i masu suna ɗaya, Stencil, na farko aikin R. Hunter Middleton, na biyu na Gerry Powell: manyan baƙaƙe zalla, kaurara, da 'yan dugadugai a ƙarshen kowace gaɓa. Harafin ɗab'i na dalma ba shi da tsakiyar da za ta faɗo, amma duk da haka aka bar masa giɓin, saboda ido ya riga ya saba, da ya gan shi sai ya tuna kaya da masana'anta da aikin ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa ya dace da tambarin The Home Depot, kamfanin sayar da kayan gini.

Amma fa, a ganina, haruffa ne na kalma ɗaya ko biyu, kuma a rubuta su da girma, don in aka ƙanƙanta su, ko dai giɓin ya toshe, ko kalmar ta wargaje wa mai karatu. Mai zana tambari da Hausa kuma yana da ƙarin wajibi game da Ɓ da Ɗ da Ƙ, waɗanda galibi sai ya zana da hannunsa: kada ya yanka gada a wuyan lanƙwasa, domin da zarar ta rabu da uwarta, mai wucewa da ya ga Ƙ zai ɗauka K ne fenti ya ɗiga a kansa.