Tafiya Tana Magana: Abin da Ɗingishi ke Faɗa wa Likita

Masu sauraro na Magariya da Dungas da ƙauyukan da ke kan iyaka:

Ƙwararren likitan ƙashi yakan soma aikinsa tun kafin mara lafiya ya zauna. Daga bakin ƙofa zuwa kujera ya riga ya ga abubuwa da yawa. Mu kuwa duk ɗingishi sunansa ɗaya a bakinmu, sai mu ce shan inna ne, mu wuce.

To, ba haka ba ne. Wanda ciwo ke damu yana taka ƙafar da sauri, ya ɗauke ta da sauri, kamar mai taka yashin rani da tsakar rana. Yaron da shan inna ya kashe wa naman cinya kuwa za ka ga yana dafa cinyarsa da hannu duk taku, don kada gwiwa ta lanƙwashe. Akwai mai karkata jiki gefe guda, ƙugunsa yana sauka ta ɗaya ɓangaren. Wani likitan Jamus, Friedrich Trendelenburg, ya bayyana wannan tun 1895. A nan matsalar tana kwatangwalo, kuma masu sikila su lura, domin ciwon yakan hana jini isa kan ƙashin cinya har ya lalace. Abin mamaki, sau da yawa yaron gwiwa zai nuna maka, alhali ciwon yana sama.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wannan. Yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro, an kai shi wurin mai allura a cikin gari, an soka masa a tsakiyar ɗuwawu. Zazzaɓi ya sauka, kowa ya yi hamdala. Sai uwa ta ga yaron yana ɗaga gwiwa sama fiye da kima in zai taka, tafin ƙafar ya faɗo ƙasa, fat! Yatsu suna jan ƙasa. Ku duba sawunsa a kan rairayi, za ku ga layi a bayan kowane taku. Ku duba silifas ɗinsa, gaban ya cinye, diddige yana nan. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta gangara har tafin ƙafa, ita allurar ta taɓa. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya yin allura can sama ta gefen waje, ko a cinya. Ba inna ba ce, jama'a. Ba inna ba ce, hannun mutum ne.

Wannan ba ya nufin a saki jiki da shan inna. A 2018 an samu yaran da wani nau'in cutar ya kama a Magariya, irin wanda aka gani a Jigawa, makwabtanmu. An sanar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar a watan Agusta na 2020, amma wancan nau'in bai ƙare ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti, a ɗauki bahayansa sau biyu cikin kwana 14.

Maɗori fa? Ina girmama sana'ar. Sai dai yaron da ke da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa sam, gaɓa ta kumbura ta yi zafi, wataƙila mugunya ce a ciki, kuma matsawa da ɗauri ba sa fitar da ita. Wannan na asibitin Magariya ne, yau, ba gobe ba.

Lokaci ya ci mu. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki ana gyara shi da filasta tun yana ɗan makonni, hanyar Dakta Ponseti, kuma asibitin CURE da ke Yamai yana wannan aiki. Gwame da ƙafar baka sai wani makon. Ga labarai.