Beyer-Peacock: Kamfanin Ɗan Masaƙi Da Ya Ja Gyaɗar Arewa

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Kankiya ko Kusada ba, amma shi ya yanka wa manomansu farashi shekara da shekaru. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka noma a tsakiyar ƙasar Katsina sai ta bi ayarin jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, zuwa Kano. Auduga kuwa ta samu tasha a Funtuwa bayan an ja layi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Daga nan sai kan jirgi mai hayaƙi ya ja kayan zuwa bakin teku. Dattawa sun san ƙarar wannan inji da usur ɗinsa, amma ba kowa ya taɓa tambayar wanda ya ƙera shi ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka ƙera wa Nijeriya irinsa shi ne Beyer-Peacock na unguwar Gorton a birnin Manchesta, kuma tarihin wanda ya kafa shi ya cancanci 'yan bokonmu su saurara.

An haifi Charles Beyer a 1813 a garin Plauen na ƙasar Jamus. Iyayensa matalauta ne, masaƙa irin na hannu, kuma da an bar shi da gado da a bakin masaƙa zai ƙare. Abin da ya fid da shi shi ne baiwar zane. Aka lura da hannunsa, aka taimaka masa ya shiga makarantar koyon fasaha ta Dresden. A 1834 gwamnatin yankinsu ta ba shi guzuri ya je Ingila ya dubo injinan saƙa ya kawo rahoto. Ya je, ya kawo rahoton, aka yi masa tayin aiki a gida, ya ƙi, ya koma Manchesta ya nemi gurbi a ɗakin zane na kamfanin Sharp, Roberts a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Beyer bai fara da guduma ba, kuma bai fara da jari ba. Da fensir ya fara. A wancan zamani ɗakin zane shi ne ƙwaƙwalwar masana'anta: a can ake auna kowane ƙarfe a takarda kafin a narka shi, ta yadda maƙeri goma za su ƙera gaɓoɓi goma, a haɗa su su zauna daram. Ya yi kusan shekara ashirin a wurin, a ƙarƙashin gwanin ƙere-ƙere Richard Roberts, har ya zama babban injiniya. A 1847 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar injiniyoyin ƙere-ƙere ta Ingila.

Sai a 1854 ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ba shi kaɗai ba. Richard Peacock, wanda ya shugabanci sashen injina na wani kamfanin jirgin ƙasa, ya kawo sanin masu saye. Henry Robertson ya kawo kuɗi. Beyer ya zana ginin masana'antar da kansa, ya kuma zana injinan da za a yi aiki da su a ciki. Kan jirgi na farko ya fito a 1855. Da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, na farko a duniya, su aka ba aikin ƙera masa injina a 1864, masu mayar da tururinsu cikin tankin ruwa don kada ya turnuƙe ramin.

Beyer ya rasu a 1876, bai yi aure ba, ya bar wasiyyar fiye da fam 100,000 ga Kwalejin Owens, wadda ta zama Jami'ar Manchesta. Wato abin da makaranta ta ba shi, makaranta ya mayar wa.

Injin da ya fi ɗaga sunan kamfanin a Afirka bayan rasuwarsa ya zo, kuma yana da alaƙa da ƙasar nan. Herbert Garratt injiniya ne da ya yi aiki a layukan dogo na Ajantina da Kuba da Peru, ya kuma yi aiki da jirgin ƙasan gwamnatin Ikko a farkon ƙarni na 20. Ya ga matsalar da idonsa: Turawan mulki suna shimfiɗa dogo mai arha, siriri, mai yawan kwana, sannan suna son ya ɗauki kaya mai nauyi. Babban inji zai lanƙwasa ƙarfen, ƙarami kuma ba zai ja ba. Dabararsa, wadda ya yi wa rajista a 1907, ita ce a rataya tukunyar tururi a tsakiya kamar gada, a sa inji mai ƙafafunsa a gaba ɗauke da tankin ruwa, wani a baya ɗauke da kwal, kowanne yana juyawa da kansa. Nauyi ya rabu a kan ƙafafu masu yawa, jirgi ya sha kwana ba gardama, direba ɗaya da mai zuba kwal su yi aikin injina biyu. Beyer-Peacock ya karɓi dabarar, ya ƙera na farko a 1909 domin tsibirin Tasmaniya, daga bisani ya ƙera fiye da 1,000. Nijeriya, mai dogo mai faɗin ƙafa uku da rabi, ta fara sayen nata a shekarun 1930, ana ciyar da su da kwal ɗin Inugu.

To, ina namu rabon a cikin wannan? Mun samu direbobi da masu zuba kwal da kanikawa ƙwararru a ma'aikatun gyara na Ebute Metta da Inugu da Zariya, mutanen da ke iya warware inji su mayar da shi. Abin da ba a kawo mana ba shi ne ɗakin zane. Takardar tana Gorton, ribar ƙira tana Gorton, mu kuma muna aika gyaɗa. Wannan ba laifin Beyer ba ne, tsarin mulkin mallaka ne. Amma bayan 1960 wuƙa da nama sun dawo hannunmu, kuma a ganina nan ne muka yi sake: muka ɗauki makarantar koyon sana'a a matsayin mafakar yaron da ya kasa, alhali ƙasar Katsina cike take da 'ya'yan maƙera da masaƙa irin Beyer. Duk wanda ya tsaya a garejin masu walda a bakin titin Kano zuwa Katsina ya ga yaro yana haɗa injin casar gero da ido kawai, ba awo ba zane, ya san baiwar tana nan.

Shi ma kamfanin bai tsira ba. Dizal ya kori tururi, ya gwada ƙera injinan dizal bai yi nisa ba, aka rufe masana'antar Gorton a 1966 bayan ta fitar da kan jirgi kusan 8,000. Shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya datse kwal ɗin Inugu, abin da ya gaggauta mutuwar jirgin hayaƙi a nan gida.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An zana shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kankiya da Kusada ba sa kan hanyar.